Ranar Da Jirgi Ya Tafi Ya Bar Papa A Korfu

Barkanmu da sake haɗuwa, masu karatu. Na ga saƙonninku na gaisuwa, na gode, Allah ya bar zumunci. Wata a cikinku, Filomena, ta rubuto ta ce 'ya'yanta sun yankar mata tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ba ta taɓa shiga ba, gabanta sai faɗuwa yake yi, wai in ba ta shawara. Filomena, ni dai burodi nake sayarwa, ban san aikin jirgi ba. Sau ɗaya na taɓa shiga, kuma a wannan tafiyar aka ba ni mijina, Pantaleo, Allah ya ji ƙansa. Tun da ya rasu a sanyin bara bakina bai ɗauko labarin nan ba, domin ya fi ni iya ba da shi, har tashi tsaye yake yi yana kwaikwayon tafiyar mahaifina. Yau zan gwada. Ki tsinci shawararki a ciki.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Nunzia, 'yar Corrado masunci, a garin Molfetta na bakin teku aka haife ni. Papa tun kafin ya yi gashin baki yake teku. A wurinsa maza iri biyu ne, masu fita ruwa da masu tsayawa a bakin ruwa suna taya kifi. Pantaleo kuwa mai aski ne, shagonsa na kwanar layinmu. Ko a kan katangar tashar kwale-kwale ya tsaya, da ya ga ruwa yana kaɗawa sai jiri ya ɗebe shi.

Mun daɗe muna son juna, duk unguwa an sani, amma bai taɓa taka matakalar gidanmu ba. Muddin uban yarinya bai ce "hau sama ka ci abincin Lahadi" ba, kai ba kowa ba ne, mai tsayuwa ne kawai a ƙarƙashin baranda. Ni kuma na haura talatin. Mamma kullum cikin lissafa mini 'ya'yan maƙwabta da aka aurar take. Papa kuma duk Lahadi sai ya jajibo wani ma'aikacin jirginsa ya zaunar da shi kusa da ni, mai ƙaton hannu da ƙarnin taru, yana loda taliya kamar ana korarsa. In na yi maganar Pantaleo, amsar ɗaya ce:

"Ba zan ba da 'yata ga mutumin da bai taɓa hawa ruwa ba. Ranar da duniya ta girgiza da ku, me zai riƙe? Almakashi?"

Ana nan sai yayana Mauro da ke aiki a Jamus ya aiko mana da tikiti uku, daga tashar Bari zuwa garuruwan Girka, wai iyayenmu su huta, ni kuma in bi su in kula da su. Tun kafin ranar tafiya saƙonnin Pantaleo suka fara shigowa wayata ina tsakiyar kwaɓa fulawa.

"Ki sa maganin babanki da kayan canji a ƙaramar jaka, ki riƙe a hannu. Manyan akwatuna tun a tasha ake karɓe su, sai yamma suke isowa ɗaki."

"Ki ce wa mamanki kar ta sa dutsen guga."

Na goge hannu na rubuta masa, "Kai da ko kwale-kwale ba ka taɓa shiga ba, ina ka san wannan?"

"Rabin masu zama a kujerata a manyan jirage suka yi aiki. In ka sa wa mutum aska a wuya, gaskiya yake faɗa maka."

Na faɗa wa Mamma, ta kalle ni ta ci gaba da shirya kayanta. Ta sa dutsen guga, ta sa ƙaramin rishon lantarki da tukunyar kofi, ta sa cuku, da biskit ɗinta na man zaitun cikin tsumma, kamar ƙaura za mu yi.

Ranar shiga na sa doguwar rigata shuɗiya mai fararen furanni, wadda Mamma ta rage mini a ƙugu, da 'yan kunnen kakata. Jirgin ya fi babban cocinmu tsawo, ko'ina madubi, ko'ina fitila. Da yamma akwatunanmu suka iso, ban da na Mamma. Aka ce mu sauko can ƙasa. Muka tarar da layi, kusan duk matan yankinmu ne, kowacce ta riƙe ƙugu. Wani siririn ma'aikaci ya buɗe akwatin, ya ciro dutsen guga, ya ciro risho.

"Sinyora, waɗannan sai ranar sauka. Wuta ake tsoro a jirgi."

"Wuta? Ruwa ya kewaye ku ta ko'ina kuna tsoron wuta? To da me zan dafa wa mijina kofi?"

"Akwai kofi a kowane hawa."

"Na ɗanɗana, ɗana. Ruwan wanke kofi ne wannan."

Ta bar masa kayan, amma sai da ta cusa masa biskit a aljihu, wai ya rame da yawa. Filomena, duk abin da ke ɗaukar zafi ki bar shi a gida, za ki huta da layin nan.

Kafin jirgi ya tashi aka buga ƙararrawa, kowa ya fito da rigar ceto a nuna masa inda zai tsaya in abu ya ɓaci. Papa ya ce ba inda za shi.

"Ni za a koya wa ɗaura rigar ceto? Waɗannan yaran da ko gishiri bai taɓa tsaga musu hannu ba?"

Amma suna suke kira ɗaya bayan ɗaya, ba a tashi sai an ga kowa, dole ya taso yana ƙunƙuni. Muna tsaye a jere, rana tana dukanmu, sai na ji ya zungure ni.

"Nunzia, wancan da ya ɗaure kansa tamau kamar cukun da za a rataye, ba na san shi ba?"

Na juya. Masu karatu, ku ji wanda na gani. Pantaleo ne, cikin farar rigarsa ta zuwa coci, gashi ya sha mai, da wata 'yar jaka ɗaure a ƙugu. Ko da wasa bai faɗa mini ya yanki tikiti ba. Ya matso ya ɗan rusuna, ya gaishe shi da "Zi", wato kawu, yadda muke kiran dattawa.

"Barkanku da yamma, Zi Corrado."

"Mai almakashi! Ɓatan hanya ka yi? Nan ba shago ba ne fa, ƙasan nan motsi yake yi."

"Na sani, Zi Corrado. Kun ce sai wanda ya hau ruwa. To ga ni na hau."

"Ko igiya ba a kwance ba tukuna. Mu gani gobe, in ka kai goben."

Mamma ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni kuwa na ce a raina, Ubangiji, ko ka kwantar da tekun nan, ko ka kwantar da cikin mutumin nan, ɗaya dai.

A wurin cin abincin yamma aka yi sanarwa a lasifika cewa Girka tana gabanmu da awa guda, kowa ya tura agogonsa gaba kafin ya kwanta. Na gyara nawa, na gyara na Mamma, na miƙa hannu ga na Papa. Ya janye.

"Agogon nan da shi nake fita su tun ba a haife ki ba. Rana ɗaya ce a sama, ba ta Girkawa daban ba ce."

Na ce a raina, a bar shi, ai muna tare da shi. Filomena, kar ki taɓa cewa haka. Agogon jirgi shi ne agogonki, ki gyara naki, ki gyara na duk wanda kika zo da shi, ko da faɗa.

Da safe na tarar da Pantaleo a saman jirgi, ya rungume ƙarfen da ake dafawa, fuskarsa ta koma kalar ɗanyen zaitun. Ɗakinsa a tsakiyar jirgi yake, can ƙasa, inda aka ce masa kaɗawa ta fi sauƙi, ya sha maganin tashin zuciya tun kafin a tashi, ga citta a baki, ga koren tuffa a hannu. Duk da haka.

"Leo, ka yi barci kuwa?"

"Na yi addu'a dai. Kar ki tsaya a gabana, Nunzia, an ce in riƙa kallon can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Kin fi can kyau, amma can ba ya motsi."

Sai ga Papa da faranti cike da soyayyen ƙwai da nama mai maiƙo. Duk faɗin jirgin nan bai ga wurin tsayawa ba sai kusa da shi.

"Mai almakashi, ka ci? Maiƙo ke riƙe ciki. Ka shaƙi ƙamshin."

"Na gode, Zi Corrado, a ci lafiya," in ji shi, idonsa na can nesa, hawaye na taruwa a gefe. Amma bai gudu ba, ya tsaya har Papa ya suɗe farantin.

Da hantsi muka isa tsibirin Korfu. A bakin tsanin sauka an kafa allo an rubuta lokacin da kowa zai dawo, Pantaleo ya ɗauki hotonsa da waya. Yana taka ƙasa jini ya dawo masa fuska. Papa ya hango ƙananan kwale-kwale a can tsohuwar tasha, idonsa ya yi haske.

"Ku je ku sayi tsummokaranku. Ni zan leƙa in ga yadda Girkawa suke ɗinkin taru."

"Ina wayarka?" in ji Mamma.

"Tana ɗaki. Mai nemana ya san ƙarar fitona."

Ya tafi da katin shiga jirgi kaɗai a aljihun riga. Katin shaidarsa da maganinsa na hawan jini suna jakar Mamma, inda suke tun ranar da aka ɗaura musu aure.

Yana ɓacewa Mamma ta yafito Pantaleo ta loda masa jakunkuna. Muka shiga lunguna, muka sha ƙanƙara mai lemo, ya saya mini malfa mai jan zare ya sa mini da kansa yana gyara mini gashi ta gefe, wai hannun mai aski ba ya iya ganin gashi a karkace. Mamma ta yi kamar tana duba tawul a wani shago, ta daɗe tana dubawa. Har yau in na rufe ido ina jin sanyin yatsunsa a bayan kunnena.

Shi ya matsa mana muka koma jirgi da wuri. A bakin tsani Mamma ta ce wa mai duba kati ya duba mata ko mijinta ya shiga. Ya duba, ya girgiza kai.

"Yana nan tafe," in ji Mamma. "Bai taɓa makara ba."

Pantaleo ya kalli agogonsa. "Sinyora Isabella, ya gyara agogonsa jiya?"

Ni da Mamma muka kalli juna.

"Ku ba ni katin shaidarsa da maganinsa."

"Me za ka yi da su? Kiransa kawai za ka yi ku dawo."

"Ku dai ba ni."

A nan na gane abin da yake tunani. Na kama hannun rigarsa. "Leo, in lokaci ya ƙure ka dawo, ka ji ni?"

"Ku shiga ciki," ya ce, ya zuba su a jakar ƙugunsa, ya ruga.

Muka hau can sama inda ake hango tasha. Waya ta yi ƙara, saƙon Pantaleo ne.

"Na same shi. Yana zaune a kan akwatin kifi yana ɗinka musu taru. Sun gasa kifin sardin."

"Ka ce ya taso!"

"Na ce. Ya nuna mini agogo, wai da sauran awa guda. Wai in zauna in ci."

"Nuna masa hoton allon!"

"Na nuna. Ya ce ko da gaskiya ne, ba a taɓa yin kyaftin da zai kwance igiya ya bar mutuminsa a tudu ba."

To, kar ku yi wa Papa dariya da yawa, domin a tasharmu haka ake yi. In ɗaya daga cikin masu fita su ya makara, a aika a buga masa ƙofa, a zage shi tun daga kakansa, amma a jira shi. Papa ya sha yin asarar fitar safe saboda jiran mutum ɗaya. A wurinsa jirgi jirgi ne, ko na katako ko mai bene.

Na kira. Ina jin muryar Papa a baya yana ƙyaƙyata dariya da Girkawan, shi bai iya yarensu ba, su ba su iya namu ba.

"Leo, taho kai kaɗai. In ka yi gudu za ka iso."

"Ba zan bar shi ba, Nunzia. Ba waya, ba yare, ga hawan jini."

"Kayanka duk suna nan!"

"Ki kula mini da su."

Lasifika ta fara kiran sunayensu, a kira, a sake kira. Mamma ta sauka da gudu, ina biye da ita, ta tare wani jami'i mai farin kaya a bakin ƙofa.

"Ɗana, mijina ɗan teku ne irinku. Ka hau ka ce wa kyaftin, Corrado na Molfetta ne, ya ɗan dakata, taru yake gyara wa mutane."

"Sinyora, ku yi haƙuri. Wani jirgin yana jiran wurin nan, kuma mutum dubbai ne a ciki."

"To dubban nan ba su da uba?"

Ya dai ba ta haƙuri. Aka janye tsani, muka koma sama. Aka kwance igiyoyi, suka faɗa ruwa. Jirgi ya busa ƙaho har cikin haƙorana na ji shi. Sai ga su can sun ɓullo a ƙarshen tasha. Pantaleo yana gaba yana waiwaye, Papa yana baya, hannu a aljihu, yana tafiyarsa ta ƙasaita, ko sauri bai ƙara ba. Mutane a barandodin jirgi suka ɗauki ihu da tafi, "Yi gudu, kaka, yi gudu!" Ya iso bakin ruwa, tsakaninmu da shi ya kai faɗin titi. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fiton nan nasa, wanda in ya yi a gida kwale-kwale ke juyowa daga bakin tasha.

Jirgi ya ci gaba da tafiyarsa.

Ya sake yi. Sannan na ga ya sauke hannu a hankali, ya cire hula ya riƙe. Pantaleo yana tsaye a gefensa, sun yi ta ƙanƙancewa har na daina bambanta su. Na san Papa. Zai iya yafe wa wanda ya zage shi, amma wanda ya gan shi cikin kunya, a gaban jama'a, a bakin teku? Na ce shi ke nan, matakalar gidanmu ta haramta ga Pantaleo har abada.

"Me ya ce?" na rubuta wa Pantaleo.

"Jirgin kawai yake kallo."

"Kai fa?"

"Na ba shi ruwa. Na kira wakilin jirgi, lambarsa na jikin takardar da ake sa mana a ƙofa da safe. Gobe za ku tsaya a Katakolo, in mun iso kafin ku tashi za a bar mu mu shiga. Sai mun tsallaka zuwa babban tudu a ƙaramin jirgin fito, sannan mota."

"Ƙaramin jirgi? Leo, za ka iya?"

"A'a. Amma zan shiga."

Daga nan layi ya ɗauke. Haka waya take a tsakiyar teku, Filomena, sai an kusa tudu take farfaɗowa, kar ki dogara da ita. Kuma in za ku sauka gari, kowa ya riƙe katin shaidarsa da maganinsa a jikinsa, ko da auren naku ya kai shekarun na iyayena.

A teburin abinci Mamma ta yi kuka, ta share, ta ci faranti guda. Aka kawo kifi ta ci. Can sai ta ajiye cokali.

"Kin san tun da na auri ubanki yau ne na fara cin abinci da zafinsa ban tashi ɗauko masa gishiri ba?" Ta sa yatsu biyu a baki ta gwada fiton, iska kawai ta fito. Muka yi dariya har mutanen teburin kusa suka taya mu, ba su ma san dalili ba. Ni dai dariyar a baki take, zuciyata tana can.

Da gari ya waye, tudu ya bayyana, saƙonni suka zubo a tare.

"Mun tsallaka. Na ba kifayen Girka duk abin da na ci tun Kirsimeti."

"Babanki ne ya riƙe mini goshi."

"Babu bas sai gobe. Masuntan da ya yi wa ɗinki sun haɗa mu da ɗan'uwansu mai motar kifi. Ban san da wane yare suka daidaita ba."

"Ya sha maganinsa."

"Yana minshari a kafaɗata. Ba na jin hannuna."

Na karanta wa Mamma. Ta yi alamar gicciye ta ce, "Ya riƙe masa goshi? Ni da na yi laulayin 'ya'yansa bai taɓa riƙe mini ba."

Katakolo titi ɗaya ne a bakin ruwa. Kowa ya watse yawo, mu muka kafa kanmu a kan wani benci kusa da tsani. Rana ta take, kowace mota ta ɓullo sai mun miƙe. Can wajen tsakar rana wata farar motar kifi ta shigo tana ɗigar da ruwan ƙanƙara. Ƙofa ta buɗe, Papa ya diro. Na sa ido sosai. An yi masa gyaran fuska tas, gashin baki ya daidaita kamar na ango. Bayansa Pantaleo ya sauko yana dafa ƙofa, farar rigar nan ta zama abin tausayi.

Mamma ta fara maka wa Papa jaka a kafaɗa, sannan ta rungume shi.

"Tsohon banza! Ka so ka mayar da ni gwauruwa a ƙasar mutane! Wa ya yi maka aski?"

"Na ce ba zan koma gaban matata kamar ɗan fashi ba. Mai almakashi ne ya ari reza wurin direba a gidan mai." Ya shafa haɓa. "Ga yunwa ga gajiya, amma ko ƙwarzane babu."

"Ka ga abin da taurin kanka ya ja?"

"Taurin kan wa? Wancan ba jirgi ba ne, Isabella, otal ne ya faɗa ruwa. Mai tuƙa shi ma ba ɗan teku ba ne, mai gadin otal ne."

Ya tura agogonsa gaba a ɓoye, yana tsammanin ba mu gani ba. Sannan ya gyara murya.

"Nunzia, zo nan."

"Na'am, Papa."

"Wannan mutumin naki ba zai taɓa zama ɗan teku ba. Na ga masu amai a rayuwata, ban taɓa ganin irinsa ba. Har Girkawa sai da suka taru suna kallo, wata tsohuwa tana yi masa addu'a."

Na sunkuyar da kai. Pantaleo ya kalli takalminsa.

"Amma katafaren jirgi da kyaftin da fararen kaya sun tafi sun bar ni a tudu. Shi bai tafi ba. Na kore shi, na ce ya ruga, ya ce sai dai in ɗauke shi in jefa." Ya juya. "Pantaleo."

"Na'am, Zi Corrado."

"Ranar Lahadi ka hau sama. Ka zo da mahaifiyarka. Kar ka kawo mana furanni, ba akuya muke kiwo ba. Kayan zaƙi za ka kawo."

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na rungume Papa, na rungume Mamma, na tsaya a gaban Pantaleo na rasa yadda zan yi, sai Mamma ta tura ni daga baya. Ƙarnin kifi yake yi tun daga gashi har takalmi, ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Ya buɗe baki zai yi godiya, Papa ya tari numfashinsa.

"Ya isa, ya isa," in ji Papa. "Je ka yi wanka, kana wari."

"Ku ma haka, Zi Corrado."

"Ni nawa na gado ne."

Muka nufi tsani, su biyu a gaba, Papa ya riƙe masa gwiwar hannu yana koya masa yadda ake buɗa ƙafa in ƙasa tana motsi. Sai Mamma ta ja ni gefe.

"Nunzia, Sabina ta san ɗanta yana kan teku kuwa?"

Sabina ita ce mahaifiyarsa. Tun da teku ta ci ƙaninta ba ta bar ɗanta tilo ya sa ko ƙafa a ruwa ba. Ni kuwa murna da tsoro sun hana ni tambaya.

"Leo, me ka ce wa mamanka?"

Ya tsaya cak. "Na ce mata na tafi birnin Milano, taron masu aski."

Bai rufe baki ba waya ta ɗauki ƙara a jakar ƙugunsa. Ya duba, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauka.

"Mamma! Lafiya lau. E, Milano tana nan, sai dai zafi..."

Daidai nan jirgi ya busa ƙahonsa na tsakar rana, tsuntsayen teku suka tashi suna kuka a kanmu. Daga inda nake tsaye ina jin muryar Sabina tana fita daga wayar.

Papa ya miƙa hannu. "Ba ni nan."

Ya kara a kunne, ya gyara gashin baki.

"Sabina? Corrado ne. Nemi kujera ki zauna tukuna. Magana biyu ce, kuma ta biyun ta fi daɗi."